Majigin Ja da Kore

Da na fara koyarwa, babu darasin da nake jin nauyinsa kamar darasin haske. Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, Birnin Kebbi tana ta cika da sababbin ma'aikata, gidan haya ya yi wuya, ko'ina ka duba gini ake yi. An tura ni wata makarantar 'yan mata in koyar da fiziks. Muna da ɗakin gwaji mai faɗi da dogayen tebura, sai dai kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Idan muka zo babin launuka, sai in zana da'ira uku a allo, in ce wa yara jan haske da koren haske idan suka haɗu rawaya suke bayarwa. Su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa. Amma a fuskokinsu ina ganin ba su yarda ba. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da nake faɗa ban taɓa gani da idona ba. A littafi na karanta.

Mai kula da ɗakin gwajin wata mata ce 'yar Filato, Kirista, wadda ta biyo mijinta da aka kawo aiki sakatariya. Ta girme ni sosai. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma Malama take kirana ko da mu biyu ne. Mace ce da ba ta iya zama hannu rabbana. Rediyon da ya lalace, agogon bango da ya tsaya, duk tana da kwalin da take tara su a ƙarƙashin teburinta. Mun yi shekara da shekaru tare, ni ina bayani a allo, ita tana ƙoƙarin samo abin da za a nuna wa yara ko da gwangwani ne da zare.

Sai ga 'yan fitilun nan na leza sun shigo kasuwa. Ƙanana ne kamar ɗan yatsa, ana rataya su a makulli, ka danna sai wani jan ɗigo ya bayyana can nesa a bango. Samari suka samu abin wasa, suna haska wa awaki da bayan rigunan mutane. Madam ta sayo ɗaya, daga baya ta ƙara biyu. Ta kafa doka tun ranar farko: duk wadda ta haska wa 'yar'uwarta ido, ta bar ɗakin gwaji ke nan har ƙarshen zango.

Wata rana na shiga na same ta ta farke rediyon kaset guda biyu, ta ciro 'yan injinan da ke juya kaset. A kan kowanne ta manna ɗan madubin gwangwanin hoda, ta ɗan karkata shi kaɗan. Ta jona batir, madubai suka fara juyawa, ta haska leza a kan na farko, hasken ya faɗa kan na biyu, daga nan ya wuce bango. Ɗigon nan ya daina zama ɗigo. Ya koma zobe, zoben ya naɗe ya zama fure mai kunnuwa biyar, yana juyawa a hankali.

"Malama, kin gani?" in ji ta, tana dariya kamar yarinya. "Mun samu majigi."

Majigi ne kuwa, ko da yake ba ya nuna mutane. Yara suka yi ta kallo har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba.

An ɗauki lokaci muna da ja kaɗai. Jihar ta riga ta haura shekara goma sa'ad da ƙanin mijina, mai zuwa Dubai saro kaya, ya kawo mini tsarabar wata leza mai kama da biro. Kore ce, mai haske ƙwarai. Ko gida ban tsaya nuna wa kowa ba, washegari na kai wa Madam. Muka rufe tagogi da tsofaffin labule, ta riƙe ja na riƙe kore, muka haɗa ɗigon biyu a wuri ɗaya. Muka zuba ido muna jiran rawaya.

Kore muka gani. Jan ya ɓace a cikinsa kamar ba a haska ba. Muka canja wata ja, haka. Ta uku ce ta ɗan sa koren ya yi fari-fari, shi ke nan.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne jajayen nan uku ba su yi kama da juna ba. Biyu ja ne mai duhu kamar zoɓo, ɗaya kuma ya fi haske, yana ɗan karkata zuwa launin manja. Amma 'yar takardar da ke manne a jikin kowacce abu ɗaya ta rubuta, wai tsawon igiyar haskenta yana tsakanin kaza da kaza, tazara mai faɗi da ba ta gaya maka komai ba. Shi haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi ita ce ke sa ido ya ga wannan ja, wancan kore. Na ce wa Madam, muddin ba mu san ainihin tsawon igiyar kowace fitila ba, lalube kawai za mu yi ta yi. Na san ana iya aunawa da faifan sidi, domin jikinsa cike yake da layuka sirara da ido ba ya gani, kusan ɗari shida da ashirin da biyar a kowace milimita, kuma haske idan ya ratsa su rabuwa yake yi, kowane launi da kusurwar da yake bi.

Sai dai hutu ya zo, damina ta kankama, aka kulle ɗakin gwaji za a gyara rufinsa. Ni kuma na saba duk dogon hutu nakan tafi Argungu wajen iyayena. A nan na tuna da zauren Baba. Dogo ne, bangonsa a shafe da farar ƙasa, tagarsa guda ce 'yar ƙarama can sama. In ka saki asabari a ƙofa, ko da rana tsaka duhu ne. Na ce wa Madam ta zo ta wuni. Ta ce, "Malama, gidan malami ne fa. Ba zai ga kamar mun kawo masa wasa ba?" Na ce ta dai zo.

Baba marubucin Alƙur'ani ne. Da hannunsa yake rubutawa, da alƙalamin gamba, kuma shi yake dama tawadarsa. Baƙa ta rubutu, ja ta wasula, rawaya ta hamza, sai kore, wadda shi tsanwa yake ce mata kamar yadda ake faɗa a wajenmu. Tun ina ƙarama nake ganin 'yan kwalaben nan a jere gefen buzunsa. Shi ne ya sa ni boko lokacin da wasu 'yan'uwa suke ganin bai kamata ba, amma bai taɓa tambayata abin da nake koyarwa ba. Ya san dai kimiyya ce. Ni ma ban taɓa kawo masa zancen ba, ina ganin kamar duniyarsa daban, tawa daban.

Madam ta iso da hantsi a motar haya, ɗauke da kwali a ka. Ta ce tun daga Zauro take kallon fadama ta taga, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, ta tuna gida. Ta cire takalmi a ƙofar zaure, ta durƙusa ta gaida Baba. Ya amsa da fara'a, ya tambayi maigida da yara, ya sa aka kawo mata fura. Sannan ya dubi kwalin.

"To, mi kunka kawo muna?"

Na yi masa bayani a taƙaice, ina jin kunya kamar ɗaliba. Na ce aron zaure muke so na 'yan sa'o'i, in ya ga dama ya koma cikin gida ya huta. Ya ce ba inda za shi. Ya janye buzunsa gefe, ya rufe aikin da yake yi, ya ɗora shi can saman alkuki, ya gyara zama.

Madam ta yanki ɓangaren faifan sidi da almakashi, ta manna salatif a bayansa ta fizge, azurfar ta biyo salatif ɗin, aka bar roba garau kamar gilashi. Muka kafa ta da ɗan curin laka a kan kujera 'yar tsugunno. Na karɓo tef ɗin awo na ɗinki a wajen Inna, na auna mita ɗaya daga faifan zuwa bango. Muka lilliƙa farar takarda a bangon, aka saki asabari. Madam ta danna kore.

Ɗigo uku suka fito a jere: babba a tsakiya, ƙanana biyu dama da hagu. Baba ya ce, "Ikon Allah. Hitila guda, wuta ukku?"

Aikin da ya rage shi ne a sa alama daidai tsakiyar kowane ɗigo, a auna tazara. Na ɗauko biro, amma a duhun nan hannuna sai kaucewa yake yi, ga shi ni ce mai riƙe tef. Baba ya miƙe, ya ɗauki alƙalaminsa ya tsoma a tawada, ya ce in matsa. Madam ta ce, "Baba, don Allah ka ba fitilar baya, kar ka juyo. Tana ɓata ido." Ya ce ya ji. Ya tsaya fuskarsa na kallon bango, yana ɗiga baƙar tawada a tsakiyar kowane haske, ɗigo ƙarami kamar na harafin ba'un da ya saba.

Awon farko bai yi ba. Dama ta fi hagu nisa sosai. Madam ta duba ta ga lakar ta saki, faifan ya karkace. Muka gyara muka sake. Aka sake kuma don batirin ɗaya daga cikin jajayen ya yi sanyi. Zaure ya ɗauki zafi, gumi yana tsiyaya, Inna ta leƙo ta ce wai ba za mu fito mu ci abinci ba. Baba ne ya ce mata a dakata tukuna.

A ƙarshe awo ya zauna. Koren ya kauce daga tsakiya da santimita talatin da biyar. Jan nan mai kama da manja ya kai arba'in da uku. Masu duhun biyu kuwa sun kai arba'in da shida. Na ɗaga asabari kaɗan don in ga kalkuleta, na yi lissafi. Koren ya faɗa wajen nanomita ɗari biyar da talatin, jan mai haske wajen ɗari shida da talatin da biyar, masu duhun kusan ɗari shida da saba'in. Nanomita kuwa, in ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya ke nan. Na faɗa wa Baba haka. Ya dubi tef ɗin Inna, wanda duk ya kode, ya dubi 'yar robar da ke kan laka.

"Da tef ɗin tela kunka auna abin da ido bai gani?"

Na ce e. Ya kaɗa kai, na ga yana murmushi.

Lissafin ya warware mana matsalar. Idon mutum ya fi jin kore nesa ba kusa ba, kuma duk yadda ja ya ƙara tsawon igiya, haka ido yake ƙara kasa ganinsa. Ashe jajayen nan biyu masu duhu ba raunin batir ba ne, can bakin iyakar gani suke. Mai kama da manja ce kaɗai za ta iya tsayawa kusa da koren, ita ma sai an rage masa ƙarfi sosai.

Baba ya tambayi abin da muke nema da duk wannan wahala. Na ce rawaya muke son fitarwa daga ja da kore. Ya yi dariya har da buga gwiwa.

"Ɗiyata, tun ba a haihe ki ba nike dama tawada. Ja da tsanwa ba su ba da rawaya. Bari ki gani."

Ya jawo ɗan kasko, ya ɗiga ja, ya ɗiga tsanwa, ya juya da tsinke. Abin ya fito wani ƙazamin launi kamar ruwan gulbi bayan an sha ruwan sama. Ya miƙo mana. Madam ta karɓa ta duba, ta ce, "Gaskiyar Baba ce." Na ce ni ma ban musa ba, a tawada haka ne, domin kowace tawada shanye wani ɓangaren haske take yi, in ka haɗa biyu sai su shanye kusan duka. Amma haske da haske ƙaruwa suke yi. Ina dai faɗa ne, amma har lokacin maganar littafi ce nake maimaitawa. Baba ya ce, "To, mu gani."

Muka fita muka yi sallar azahar, Madam ta zauna wajen Inna suna hira, aka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Da muka dawo sai neman hanyar rage koren. Mun gwada leda baƙa, ta watsa hasken. Mun gwada gilashin da muka turara da hayaƙin kyandir, wani wuri ya yi duhu da yawa, wani wuri bai yi ba. Ina shirin cewa mu haƙura sai an koma makaranta, Madam ta ce, "Tsaya, Malama. Mene ne wancan?" Can a bangon da ke bayanmu akwai wani ɗan koren ɗigo mai rauni. Murfin gidan sidi ne da ta jingina a gefe, roba ce garau, hasken ya ratsa ta ya wuce, amma ɗan kaɗan ya dawo baya.

Nan take muka gane abin yi. Muka kafa murfin a karkace. Jan ya ratsa ta cikinsa kai tsaye da kusan duk ƙarfinsa. Koren kuma muka haska daga gefe, ɗan abin da murfin ya mayar shi kaɗai ya bi hanyar jan, sauran ya wuce ya faɗa cikin wata tsohuwar hula da muka tara masa. Daidaita su ne ya ci rai. Ka taɓa laka kaɗan, ɗigon ya yi tsalle taku guda. Madam ta kwanta rub da ciki a tabarma tana turawa da tsinken tsintsiya, ni ina bakin bango ina cewa sama kaɗan, hagu kaɗan, ya wuce, dawo. Ɗigon biyu suka matso, suka taɓa juna, gefen da suka haɗu ya canja. Ta ƙara turawa, suka hau kan juna.

Rawaya ce, tsantsa, kamar garin ɗorawa.

Ni dai na ji idona ya ciko. Shekara nawa ina zana da'irar nan a allo.

Baba ya tashi ya zo bakin bango. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Madam ta tare jan. Ta sa kwali, ɗigon ya koma kore. Ya ce ta buɗe ta tare ɗayan. Ya koma ja. Ta janye, rawaya ta dawo. Ya sa ta maimaita har ban san sau nawa ba. Daga nan ya tsoma alƙalami a kwalbar rawayarsa, ya ɗiga a takardar kusa da hasken, ya ce a ɗaga asabari kaɗan ya kwatanta.

"Ta ku ta hi tawa kyau," in ji shi. "Allah mai iko. Na tsuhwa ina aiki da launi, ban san yana da ƙohwa biyu ba." Ya juyo wajena, Madam ta yi maza ta kashe fitilun. "Wanga abu shi kika koya ma ɗiyan mutane?"

Na ce shi ne, Baba.

"To ki riƙe shi da kyau. Ilimi na."

Ya aika aka kira Inna da matan gidan da maƙwabta biyu da suke zaune a ƙofa. Madam ta jera injinan kaset, ta jona batir. Furen ya fito a bangon zaure, rawaya, yana juyawa, in madubi ya ɗan girgiza sai gefensa ya rabe, ja a ciki kore a waje, sannan ya sake haɗewa. Inna ta ce wannan ai zanen faifai ne, har ta fara tunanin yadda za ta saƙa irinsa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce rabonsa da majigi tun wanda ake kawowa filin kasuwa yana yaro. Da la'asar Baba da kansa ya raka Madam har bakin titi, aka sa mata busasshen kifi da albasa a kwalinta, ya ce ta gaida maigida, kuma ƙofa a buɗe take.

Da aka koma makaranta, wani kafinta ya yi mana akwatin katako muka ɗaure komai a ciki da kusoshi, aka huta da laka. Ban ƙara fara babin launuka da allo ba. Nakan raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da guntun faifai da tef, su auna da kansu. Amsoshinsu ba sa zuwa ɗaya, wasu su haura wasu su gaza, sai gardama ta kaure a kan wa ya karkata faifai, wa ya ja tef da ƙarfi. Wannan gardamar ta fi mini daɗi a kan shirun da na saba ji. Sai sun gaji sannan Madam ta buɗe akwati. Kullum akan samu wadda za ta ce a tare ɗaya ta gani, ko akwai wata fitila ta uku da muka ɓoye.

Fari ne ba mu samu ba a lokacin, don yana bukatar shuɗi, kuma leza shuɗiya ba ta zo hannun irinmu ba sai bayan shekaru. Mun gaya wa yara gaskiya cewa majiginmu ƙafa biyu gare shi, ta ukun tana hanya.

Labari ya bazu a tsakanin malamai. Aka fara aiko mana ana neman aron akwatin, yau wannan makaranta, gobe waccan. Yakan dawo da ɗan canji: wani ya sa masa makunni, wani ya musanya injin da ya mutu da na rediyonsa. Wani zango wani malamin kimiyya daga Augie ya zo ya ɗauka, ya ɗaure a bayan babur da tsumma da roba, Madam tana ta ja masa kunne a kan ramukan hanya. Ya daɗe bai dawo da shi ba, har muka fara tunanin ko ya lalace ne yana jin nauyin faɗa. Sai ga shi wata safiya da akwatin lafiya lau, da buhun shinkafa ƙarami a kai. Ya ce jinkirin da aka samu, shi da ɗalibansa ne suka tsaya kwaikwaya, sun harhaɗa nasu da injin tsohuwar fanka ta tebur. Abin da ya kawo shi har da tambaya: sun samu wani sabon irin faifai na fim, sun gwada, ɗigon ya yi nisa sosai har ya fita daga bango, ko mun san dalili?

Ba mu sani ba a ranar. Madam ta ce ya bar mana faifan, ya zauna ya sha ruwa, ta tashi ta fara rufe tagogi.